Lambun da Na Zana a Filin Yayana

Aikina a Riyad zanen lambunan shaƙatawa ne. Idan na faɗa wa mutanen gida haka sai su kwashe da dariya, su ce yanzu duk karatun nan da ka sha a kan shuka ciyawa ya ƙare? Ni kuwa ba na ɗaukar wannan wasa. Nan da nan nake hawa, in yi ta zuba musu bayani har su yi da-na-sanin tsokanata. A ofishinmu akwai wani ƙaton littafin ƙa'idoji mai shuɗin bango, wanda bai bar komai ba: tazarar da ta kamata tsakanin ƙofar gidan mutum da lambu mafi kusa da shi, yadda tsohuwa za ta taka da ƙafa ba ta gaji ba, faɗin hanyar tafiya, inda za a sa kujera da inda za a kafa lilo, har irin itatuwan da aka yarda a dasa. Na haddace shi tsaf, kuma ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba. A ganina duk garin da ya bi littafin nan ba wanda zai rasa inda zai miƙe ƙafa.

Da kwantiragi na zo. Kamfani ya ba ni gida a unguwar Nasiriyya, kuma iƙamata, wato takardar zama, irin wadda ake kawo iyali da ita ce. Matata da 'ya'yanmu mata biyu suna tare da ni tun shekarar farko.

Yayana ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ya ba ni tazara sosai, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ya zame min uba. Direban gida ne a unguwar Suwaidi, wajen wasu mutane masu 'ya'ya da yawa, a lokacin da mata ba su fara tuƙi ba. Ɗakinsa yana jikin ƙofar gidan ta waje, ɗan mitsitsi, katifa ɗaya da ƙaramin firji da ƙusoshi uku a bango. Matarsa da 'ya'yansa suna can gida, don irin aikinsa ba a kawo iyali. Wayarsa ba ta hutawa: makaranta, kasuwa, asibiti, gidan ƙanwar uwargida, a sake komawa kasuwa don an manta tumatir. Abu ɗaya ya roƙi maigidansa tun farkon zuwansa, aka kuma ba shi. Ranar Juma'a, daga la'asar zuwa isha, kada a kira shi.

Waɗannan 'yan awoyi a wuri ɗaya yake yin su, wani fili a unguwar Ulaisha, bayan wasu tsofaffin gidaje. Ba komai a filin. Ƙasa ce busasshiya, da ɓaraguzan gini da wani ya zubar tun ba a san ranar ba, da wata matacciyar mota da kuliyoyi suka mayar gida. Amma ta yamma akwai doguwar katanga, da zarar an yi la'asar sai ta shimfiɗo inuwa mai faɗi. A inuwar nan mutanenmu ke taruwa, direbobi da magina, da wani Basakkwace mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da wani tela Bazazzagi wanda bakinsa ba ya shiru. Kowa ya zo da guntun kafet ɗin da masu gida suka yar, a jera a ƙasa. A ɗora shayi a ƙaramin risho. Wani ya zo da shinkafa a babban faranti a sa hannu. Mai aski yana gefe da kujerarsa ta roba. A nan ake jin wa ya rasu a gida, wa aka yi wa haihuwa, wa zai tafi hutu a ba shi saƙo. A gindin katangar Yaya ya shuka zogale huɗu, yana shayar da su da ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗaki, wanda Basakkwacen ke tara masa a jarka duk mako.

A wurin nan Yaya ne babba, ba tare da wani ya naɗa shi ba. Idan mutum biyu suka saɓa, gabansa ake zuwa. Sabon zuwa da bai san gabas ba balle yamma, shi ke zaunar da shi ya gaya masa abin da zai yi da abin da zai kiyaye. Na sha kallonsa ya harɗe ƙafa, ya tura hula ƙeya, yana dariya har da ƙwalla, in ce a raina, wai wannan ne mutumin da nake gani a Suwaidi kansa a sunkuye? Kwana shida da rabi na mutane ne. Wannan yammacin kaɗai ne nasa, kuma da shi yake iya jure sauran.

Ni ma ina zuwa, amma ba kowace Juma'a ba, kuma gaskiya da ƙyama nake zama. Muhandis suke ce min, wato injiniya. Da na ɓullo sai telan ya ɗaga murya:

"A ba Muhandis kwali ya shimfiɗa, kada wandonsa ya ji ciwo!"

In yi dariya a baki, a ciki ina tafasa. Ga ƙura, ga fasassun kwalabe, ga warin kuliyoyi. In dubi yayana, mutum da furfurarsa, zaune a gefen juji, sai raina ya ɓaci. Ina zana wa 'ya'yan wasu wurin wasa mai ciyawa, wanda ya raine ni yana zaune a kan ɓaraguzai.

Ana nan sai aka ba kamfaninmu aikin duba unguwannin tsakiyar gari. Yadda ake yi shi ne, a shimfiɗa taswira, a zana da'ira kewaye da kowane lambu da ke akwai, gwargwadon tafiyar ƙafar da littafi ya yarda da ita. Duk gidan da ya faɗa cikin wata da'ira ya samu. Inda ya rage fari, nan ne giɓi, nan za a nemi fili. Muna tsaye a kan taswirar, mudir ɗinmu, wato shugaban sashe, yana bin ta da biro, sai na ga wani farin wuri a Ulaisha. Na sunkuya na duba da kyau. A tsakiyarsa cif, ga filin Yaya.

Kai! Wani irin farin ciki ya kama ni. Ban ko jira an tambaya ba, na ɗora yatsa a kai na ce na san wani fili a nan, ba gini, ba rigima, girmansa daidai. Mudir ya ce to, kai ka gano shi, kai za ka riƙe shi.

Ranar Juma'a na isa tun kafin a ɗora shayi. Na ja Yaya gefe, wajen zogalensa, na ce masa:

"Yaya, albishirinka. Za a gyara filin nan. Ni da hannuna zan zana shi."

Ya dube ni, ya dubi filin, ya ce:

"Me ya same shi?"

"Haba Yaya! Dubi ƙura, dubi kwalabe. Za a sa ciyawa, a sa fitilu, a ja ruwa, a yi banɗaki."

Ya daɗe yana murza wani ganyen zogale a tsakanin yatsunsa. Can ya ce:

"To za mu zauna?"

Wallahi tambayar ta ba ni haushi. Na ce ai don ku zauna ake yi, har kujeru masu rumfa zan sa muku a inda kuke zaman nan. Na ce ya bar min komai. Ya ce to, Allah ya yi albarka, ya koma ya gaya wa jama'a da bakinsa. Da ni na faɗa, da sun yi ta musu. Da yake shi ne, sai aka yi ta kabbara, telan har ya ce daga yau ya daina tsokanata.

Kafin a zana lambu sai an cike takardar bincike. Akwai wani layi a cikinta da ke tambaya ko ana amfani da filin a halin yanzu, su wa ke amfani da shi, kuma don me. Na je ranar Talata da hantsi, da hular kwano da na'urar awo, kamar yadda aka saba fita aiki. Ba kowa sai kuliyoyi. Na ɗauki hotuna. Da na dawo ofis na zo kan layin nan sai na tsaya. Na san amsar gaskiya sarai. Amma na san a cikin masu zaman nan akwai wanda iƙamarsa ta ƙare yana jiran a sabunta masa, akwai wanda ya rabu da wanda ya kawo shi bai sami wani ba tukuna. Na ce a raina, in na rubuta cewa maza baƙi suna taruwa a nan duk Juma'a, wa ya san hannun da takardar za ta shiga? Kada garin gyara in ja musu abin da ba su nema ba. Sai na rubuta cewa fili ne fanko, ba mai amfani da shi, na sa hannu. Har na ji daɗin kaina, ina ganin na rufa musu asiri.

Layi na gaba shi ne na nau'in lambu. Littafin ya kasa lambuna gwargwadon girman fili. Akwai manya na gari duka, akwai na wasanni, akwai ƙananan na cikin unguwa. Filin Yaya ya faɗa cikin na ƙarshen nan, kuma a tsarin da muke bi a lokacin, ƙaramin lambun unguwa na iyalai ne: lilo, shinge, ƙofa ɗaya, mai gadi. Na sa alama a akwatin ban ko ɗaga kai ba. Me zai sa in ɗaga? Irin wannan lambu nake shiga kusan kowane yammaci a Nasiriyya, matata a gefena, 'yan matana a gaba suna gudu, mai gadi yana gaishe ni. Ban taɓa karanta allon da ke ƙofar ba, don ba da ni yake magana ba.

Aka kewaye filin da kwano, aka yi watanni ana aiki. Jama'a suka koma zama a bakin titi, tsakanin motoci, suna haƙuri don sun san na ɗan lokaci ne. Biyu daga cikin maginanmu ma a aikin aka ɗauke su, su suka jera duwatsun hanyar tafiya, kullum Juma'a suna ba da labarin inda aka kai. Zogale kuwa ba ya cikin jerin itatuwan da littafi ya yarda da su. Na yi magana sau ɗaya, aka nuna min shafin, na haƙura. Da na gaya wa Yaya an sare su, sai ya ce ba komai, dama sun tsufa. Ba su tsufa ba.

Amma lambun ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyina ya shaida. A inda suke zama na sa doguwar rumfa da kujeru masu fuskantar juna, abin da ba na yi a sauran lambuna, don na san mutanenmu ba sa hira a jere. Na ja famfo kusa da wurin saboda alwala. Na auna inuwar katangar da kaina, wata bayan wata.

Juma'ar farko bayan an buɗe, na ɗauki matata da yara muka riga kowa zuwa. Ina tsaye a ƙarƙashin rumfar ina duban agogo. Bayan la'asar da kaɗan sai ga su sun ɓullo daga kwanar masallaci, su wajen ashirin. Yaya na gaba, cikin farar shaddarsa ta Idi, da fulas a hannu. Telan ya naɗo kafet a kafaɗa, wai ko da kujera shi a ƙasa zai zauna. Basakkwacen yana riƙe da farantin shinkafa. Na ɗaga musu hannu. Suna isowa ƙofa sai mai gadi ya miƙe daga kujerarsa ya tare hanya, ya nuna allon da ke saman kansa. A'ilat faƙat. Iyalai kaɗai.

Na taho da gudu. Na ce masa waɗannan baƙina ne. Ya ce ya ji, amma maza marasa iyali ba sa shiga. Na ce su wa ne marasa iyali? Wannan jikokinsa uku, wancan 'ya'yansa bakwai! Ya ce to ina suke? Nan fa na hau. Na zaro katin aikina na kai masa har hanci, na ce ni na zana wurin nan, ni na sa ƙofar da kake tsaye a kai, ni na sa kujerar da kake zama. Ina ta ɗaga murya cikin karyayyen Larabcina, matan da ke ciki sun juyo suna kallo, ƙaramar 'yata ta fara kuka. Mai gadin bai yi fushi ba. Shi ma baƙo ne, shi ma da gani nasa iyalin suna wata ƙasa. Ya ce a hankali:

"Muhandis, kai ka shiga. Su a'a. In na bar su, gobe ba ni a nan."

Na juyo wajen Yaya ina haki. Na ce:

"Yaya, kai zo mu shiga. Kai yayana ne, ga matata ga yara, iyali ɗaya muke. Ba zai hana ka ba."

Ya waiwaya ya dubi mutanen da ke bayansa, sannan ya dube ni.

"To su fa?"

Ya matsa jikin shingen, ya kama ƙarfe da hannu ɗaya, ya leƙa. Ya daɗe yana kallon rumfar. Sannan ya ce:

"Ya yi kyau, ƙanena. Allah ya saka."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ya juya ya ce wa jama'a a je a sha shayin kada ya huce. Telan ya gyara kafet ɗinsa a kafaɗa ya bi shi. Suka koma bakin titi suka tsuguna a bayan wata babbar mota, ni kuma na rasa inda zan sa kaina, ciki ko waje. A ƙarshe na mayar da iyalina gida.

Ranar Lahadi ina shiga ofis na wuce wajen mudir. Na ce akwai kuskure a lambun Ulaisha, akwai mutanen da suka yi shekara da shekaru suna zama a filin, yanzu an hana su. Na ce a canza nau'in lambun, ko a ware musu yammacin Juma'a, ko a buɗe ƙofa ta biyu. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama. Sannan ya sa aka kawo fayil, ya buɗe, ya juyo min da shi.

"Waɗanne mutane? Ga rahotonka. Fili fanko, ba mai amfani da shi. Wannan ba sa hannunka ba ne?"

Nawa ne. Ya ce da na rubuta akwai masu amfani da wurin, da littafin da kansa ya tilasta mana mu yi musu tanadi, akwai babi guda a kan haka. Na san babin, na haddace shi. Ya ce in ina so a sake buɗe maganar, sai in rubuta cewa rahoton farko ba daidai ba ne, in kuma kawo bayanin mutanen, su wane ne, a ina suke aiki. Ya miƙo min farar takarda.

Na ɗauke ta na koma teburina. Ta kwana uku a gabana. In na rubuta, na ce da bakina na yi ƙarya a takardar aiki, kuma na san inda wannan ke kai mai kwantiragi. Sannan ga sunayen mutanen da tun farko na ɓoye. Na yi ta gaya wa kaina cewa saboda su na fasa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Na ji tsoron aikina, na ji tsoron makarantar 'ya'yana, na ji tsoron gidan Nasiriyya. Rana ta huɗu na sa takardar a aljihun tebur na rufe. Ban taɓa gaya wa Yaya maganar rahoton ba. Ce masa na yi doka ce daga sama, na yi iya ƙoƙarina. Ya ce ya sani.

Jama'a ba su watse nan take ba. Sun gwada bakin titi, masu shaguna suka yi ƙorafi. Sun gwada wurin ajiye motocin wani masallaci, ba inuwa, rana ta kore su. Wani ya samo wani fili can bayan gari, amma wanda ba shi da mota ba ya iya zuwa, direbobi kuma ba a ba su motar gida ranar hutunsu. Daga ashirin suka koma goma, daga goma suka koma huɗu. Mai aski ya daina zuwa. Aka buɗe zaure a waya ana tura gaisuwar Juma'a da hoton fure. Lokacin da mahaifiyar Basakkwacen ta rasu, sai bayan sati biyu Yaya ya ji, kuma wannan ya yi masa ciwo ƙwarai.

Na ce ya riƙa zuwa gidana ranar Juma'a. Ya zo sau uku ko huɗu. Matata ta yi masa tuwo da miyar kuka, ta yi duk abin da ake yi wa babban wa. Sai ya zauna a bakin kujera, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon talabijin da ba ya kallo. 'Yan matana su gaishe shi da Hausa, su juya su ci gaba da hirarsu da Larabci. Ba wanda zai kawo masa ƙara ya sasanta, ba wanda zai tsokane shi. Kafin magariba ya ce zai tafi. Daga baya ya fara cewa ya gaji, zai kwanta a ɗakinsa. Ni kuma, don kunya, ban matsa ba. Ganinsa yana tuna min da abin da na yi, sai na sami sauƙi da rashin zuwansa. Allah ya yafe min wannan.

Yau abubuwa sun canza a garin. An daɗe da cire allon nan, kowa na shiga lambun, da mai iyali da marar iyali. Littafin ma an sake shi, ina cikin waɗanda suka gyara babin binciken fili, na sa dole a je har da ranakun hutu da yammaci. Amma kafin a cire allon Yaya ya riga ya koma gida, lokacin da uwargidan ta koyi mota aka sallame shi. Telan ya tafi, Basakkwacen ya koma wani gari. In na bi ta wajen na ga samari zaune a rumfar, ba na sanin ko ɗaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne tun yana nan, wajen shekara guda bayan buɗe lambun. An aike ni duba famfunan ban-ruwa da aka ce suna yoyo, ban samu zuwa cikin mako ba, sai na bi ranar Juma'a da la'asar, ni kaɗai, da katin aikina. Ina fakawa sai na ga wata babbar farar mota a bakin shingen, na gane lambarta. Motar gidan su Yaya ce. Yana zaune a mazaunin direba, gilashi a rufe, ya jingina kai yana kallon gaba.

Na ƙwanƙwasa. Ya firgita, ya sauke gilashi.

"Yaya, me kake yi a nan? Yau ba Juma'a ba ce?"

"Juma'a ce."

"To hutunka fa?"

Ya shafa gemu. Ya ce ai ya mayar musu. Ya ce zaman ɗaki shi kaɗai daga la'asar zuwa isha ya fi tuƙi wahala, bango huɗu da ƙarar firji, har ya fara magana shi kaɗai. Shi da kansa ya je ya ce wa maigida in akwai inda za a je ranar Juma'a, yana nan. Uwargida kuwa ta ji labarin sabon lambu a Ulaisha kusa da gidan 'yar'uwarta, yara suna son lilon. Yanzu kusan kowace Juma'a nan yake kawo su.

Na riƙe ƙofar motar. Na ce:

"Yaya, ka yafe min. Ni na yi wannan. Akwai abin da ban gaya maka ba."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bar shi. Alheri ka nufa."

Na buɗe baki zan faɗa duk da haka, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka da sauri, ya ce na'am, ya ce to. Ya fito ya buɗe bayan mota, ya ɗauko naɗaɗɗiyar darduma da kwandon abinci da kujerun ninkewa guda biyu. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce a'a, kayanka za su ɓaci. Ya nufi ƙofa da kayan a rungume. Mai gadin ya gan shi, ya matsa gefe ya ba shi hanya. Ina tsaye a waje ina kallo ta shingen, ya bi hanyar duwatsun har rumfar, ya shimfiɗa dardumar, ya jera kujerun, ya ajiye kwandon inda aka nuna masa. Bai kai minti biyu ba ya juyo.

Da ya fito ya tarar da ni ina goge ido. Ya yi kamar bai gani ba. Ya buɗe ƙofar mota, ya sa ƙafa ɗaya, sannan ya ce:

"Ai ina shiga. Sau biyu ma, da kai kaya da ɗauko kaya. Ciyawar akwai laushi, ƙanena. Ka iya aikinka."

Ya zauna, ya ja ƙofa, ya ɗaga gilashi don kada sanyin motar ya fita kafin yara su dawo.